Yadda Ake Gwada Sabon Kirifto da Hannu Kafin a Zuba Masa Kuɗi

Tun watan Mayun 2024, lokacin da Notcoin ta fashe har wasu matasa suka ga daloli a wayoyinsu bayan sun shafe watanni suna dangwalar fuskar waya, da wuya mako ya wuce ba a turo maka wani sabon kirifto a WhatsApp ko Telegram ba. Kowanne da kirarinsa. Wannan shi ne magajin Bitcoin, wancan manyan kamfanoni ne suka tsaya masa, na ukun kuwa saura ƙiris ya fashe, wanda bai shiga yau ba ya yi asara. Mai turo maka yawanci ba ƙarya ya shirya ba. Shi ma haka aka turo masa, kuma yana da ɗan lada in ka yi rajista da lambar gayyatarsa. Haka aka yi ta yi da Hamster Kombat, wadda ta ce mutum miliyan 300 ne ke buga ta, sai da aka yi rabo ranar 26 ga Satumba na wannan shekarar, jama'a da dama suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba.

Abin mamakin shi ne, a duk harkokin kuɗi babu wadda ta kai kirifto sauƙin bincike. Banki ba zai buɗe maka littafin lissafinsa ba. Shi kuwa bulokcen na gaskiya, wato sarƙar da ake rubuta cinikin kirifto a kai, littafinsa a buɗe yake dare da rana, kowa na iya leƙawa ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita, ya ga wa ke riƙe da nawa. Ban da haka, kusan duk sabon aikin da aka yi da gaske yakan fara ne da buɗe filin gwaji, wanda 'yan harkar ke kira tesnet, inda za ka yi duk abin da ake yi da kuɗin gaske amma da kuɗin wasa. Wanda ya je Farm Centre a Kano sayen tsohuwar waya ba ya tsayawa jin yabon mai sayarwa. Layi yake sawa ya yi kira, ya jona caji, ya ɗauki hoto, ya juya ta ya ga ko an taɓa kwance ta. Irin wannan dubawar nake nufi, kuma kayan aikinta ba su wuce waya ko kwamfuta, da data, da littafi da biro ba.

Walat ɗin gwaji daban

Kada ka yi gwaji da walat ɗin da kuɗinka ke ciki, ko da kuwa kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Buɗe sabo fil, wanda in an yashe shi gobe ba za ka ji komai ba. Ga Ethereum da dangoginsa MetaMask aka fi amfani da shi, ga Solana kuma Phantom. Ka sauke manhajar ta hanyar shafin masu ita, domin akwai jabu masu kama da ita sak.

Da ka buɗe za a ba ka kalmomin sirri goma sha biyu, waɗanda aka tsamo daga wani jeri mai kalma 2048. Su ne walat ɗin baki ɗaya. Duk wanda ya same su ya sami duk abin da ke ciki, ko yana Sakkwato ko yana bangon duniya, kuma babu ofishin da za ka kai ƙara a maido maka. Rubuta su a takarda. Kada ka ɗauke su hoto, kada ka tura wa kanka a WhatsApp, kada ka ajiye a imel. Wani abin da ke ruɗin masu koyo shi ne, in ka ƙara asusu na biyu a cikin MetaMask ɗin da kake da shi, ba sabon walat ka buɗe ba, duka asusun biyu daga kalmomi ɗaya suka fito. Walat ɗin gwaji sai da nasa kalmomin daban. In kana da wata tsohuwar waya a ajiye, ita ta fi dacewa da wannan aikin.

Ka kuma shirya wa wannan: da ka yi tambaya a zauren Telegram na wani aiki, kafin ka ƙifta ido wani zai biyo ka ta bayan fage da hoton shugaban zauren, cike da ladabi, ya ce zai warware maka matsalar in ka cike wani fom. A fom ɗin akwai gurbin kalmomin nan. Babu ma'aikacin gaskiya da ke neman su, babu shafin rabon kyauta na gaskiya da ke neman su.

Fara koyo a inda komai ke tafiya daidai

Mutum ba zai gane abu ya karkace ba sai ya san yadda miƙaƙƙe yake. Don haka kafin ka taɓa sabon aikin, yi kwana biyu kana wasa a Sepolia, filin gwajin Ethereum da ke aiki tun 2021. A cikin MetaMask akwai wurin da ake kunna filayen gwaji, da ka kunna za ka gan shi. Kowace sarƙa tana da lambar shaida: ta babbar sarƙar Ethereum 1 ce, ta Sepolia kuwa 11155111.

Kuɗin gwajin daga famfo ake samun su, wato shafin da ke ɗiga wa mutane kaɗan-kaɗan kyauta. Google Cloud na da nasa, Alchemy ma haka. Abin da za ka ba famfo kawai shi ne adireshinka, wannan dogon rubutun da ke farawa da 0x mai baƙaƙe da lambobi 42 gaba ɗaya. Adireshi ba sirri ba ne, kamar lambar asusun banki yake. Wasu famfunan sukan ce sai kana da ɗan ETH na gaske, wato kuɗin Ethereum, a walat kafin su ba ka, don su kori masu ɗiba da na'ura. In ka haɗu da irin wannan sai ka nemi wani. Kuɗin nan dai na wasa ne, kada wani ya sayar maka da su da sunan za su yi daraja.

Yanzu ƙara asusu na biyu a cikin walat ɗin gwajin, ka tura masa 0.001 daga na farkon. Kafin ka danna amincewa, tsaya ka karanta abin da ke kan fuskar wayar. Za ka ga kuɗin gas, wato ladar da ake biyan sarƙa don ta rubuta aikinka. Tura ETH zalla daga adireshi zuwa adireshi yana cin gas 21,000, wannan ba ya canzawa. Abin da ke hawa da sauka shi ne farashin kowane gas ɗin, wanda ake aunawa da gwei, kashi ɗaya cikin biliyan na ETH. In farashin gwei 2 ne, ladar ta zama gwei 42,000, wato ETH 0.000042. Yi wannan lissafin da hannunka sau ɗaya, daga nan ba wanda zai sake ruɗa ka da maganar gas.

Bayan ka tura, walat zai ba ka lambar shaidar cinikin. Kwafe ta ka kai shafin Etherscan na Sepolia, wanda shi ne madubin da ake kallon sarƙar da shi, ka liƙa a gurbin bincike. Ga adireshinka, ga na wanda ka tura wa, ga adadin, ga ladar da aka cire, ga lambar tubalin da cinikin ya shiga, ga kuma shaidar ya yi nasara. Ethereum na aza sabon tubali duk daƙiƙa 12, don haka ba za ka jima kana jira ba. Darasin da ke nan ya fi duk sauran girma: abin da walat ya nuna maka, wani shafi daban wanda ba na masu walat ɗin ba ya tabbatar da shi, kuma wani a Accra ko Kartum zai iya buɗe shafin ya ga abu ɗaya. OneCoin, wadda aka tallata da sunan kirifto, ta kwashi sama da dala biliyan huɗu daga mutane a faɗin duniya, alhali ba ta da bulokcen na gaskiya ko kaɗan. Lambobin da mutane ke gani a asusunsu kamfanin ne ke rubuta su a kwamfutarsa. Shugabarta, Ruja Ignatova, ta ɓace tun 2017, kuma a 2022 hukumar FBI ta Amurka ta sa ta cikin mutum goma da ta fi nema. Da masu sayen sun nemi ganin cinikinsu a madubin da ba na kamfanin ba, da zancen ya ƙare tun da wuri.

Saura abu ɗaya kafin ka bar Sepolia. Je Uniswap, kunna yanayin gwaji, ka musanya ɗan ETH da wani tokin, sannan ka mayar da tokin ɗin ETH. A wajen mayarwar za ka lura an nemi sa hannunka fiye da sau ɗaya. Na farkon izini ne, kana ba kwantiragin, wato manhajar da ke gudanar da musanyar a kan sarƙa, damar ɗiba daga tokin ɗinka, na ƙarshen ne ainihin musanyar. Dubi adadin da ke jikin izinin da kyau. Sau da yawa za ka tarar ba shi da iyaka, kuma MetaMask na ba ka damar gyara shi zuwa daidai abin da za ka kashe. Da yawa daga cikin walat ɗin da ake yashewa ba fasa su ake yi ba, mai su ne ya sa hannu a kan izinin da bai karanta ba.

Shiga sabon aikin

Tambayar farko ita ce mene ne shi. Sabuwar sarƙa ce mai zaman kanta, ko manhaja ce da aka gina a kan wata sarƙar, ko kuwa tokin ne kawai da ba shi da komai sai suna da tambari? In ba za ka iya bayyana wa ƙaninka abin da yake yi da jimla biyu ba, ko dai ba ka gane ba tukuna, ko kuma babu abin ganewar. Karanta takardar manufarsu da bayanan da suka tanada wa masu gini. Shafin kuwa ka tabbatar da shi ta hanya fiye da ɗaya, misali adireshin da ke CoinGecko ya yi daidai da wanda ke shafinsu na X da na GitHub. Sakamakon da ke fitowa a saman Google sau da yawa talla ne da aka biya, kuma 'yan damfara ma suna biya.

In sabuwar sarƙa ce ta dangin Ethereum, za su ba ka bayanan da za ka shigar a walat: sunanta, adireshin da walat zai riƙa magana da ita, lambar shaidarta, alamar kuɗinta, da adireshin madubinta. Ɗauki Base misali, wadda kamfanin Coinbase ya buɗe wa jama'a a watan Agustan 2023. Lambar babbar sarƙarta 8453 ce, ta filin gwajinta kuma 84532. Shafin ChainList na ɗauke da jerin irin waɗannan lambobin, sai ka gwada da abin da aka ba ka. Aikin da ya ce yana da sarƙa amma ya kasa ba ka madubi, ko ya ce walat ɗinsa kaɗai ke iya ganin kuɗinsa, ka rubuta wannan a littafinka da jan biro.

Daga nan sai aiki. Ɗebi kuɗin gwaji, tura, karɓa, musanya, ajiye, cire. Duk abin da suka ce manhajarsu na yi, yi shi. Ka riƙa rubuta lokacin da ka danna, lokacin da ya kammala, ladar da aka cire, da saƙon da ya fito in ya ƙi. Maimaita da safe da kuma dare, yau da kuma jibi. Sannan ka yi ƙoƙarin ɓata shi da gangan: tura fiye da abin da kake da shi, katse data ana tsakiyar ciniki, sa adadi mara kan gado. Manhajar da aka gina da kula za ta gaya maka abin da ya faru a fili. Wadda aka yi cikin gaggawa za ta yi ta juyi, ko ta nuna maka kuɗin da ba su nan.

Game da alƙaluman da suke tallatawa, ni ba na ba su nauyi sosai. A filin gwaji komai kyauta ne, mutum ɗaya da 'yar manhajarsa zai iya buɗe walat dubu ya sa su yi ta tura wa juna. Don haka in an ce maka walat miliyan kaza ne suka shiga gwaji, buɗe madubin ka bi cinikayya ashirin ko talatin na baya-bayan nan ɗaya bayan ɗaya. Za ka gane ko mutane ne ke abubuwa daban-daban, ko kuwa adireshi ƙalilan ne ke maimaita abu ɗaya. Leƙa GitHub ɗinsu ma ko da ba ka iya rubuta manhaja ba, domin kwanan watan da aka taɓa aikin na ƙarshe da yawan masu taɓa shi a fili suke. Kwafar aikin wani ba laifi ba ne a wannan fagen, Litecoin daga rubutun Bitcoin ta fito, Base ma a kan fasahar Optimism aka gina ta kuma ba su ɓoye ba. Laifin shi ne a kwafa sannan a ce ƙirƙira aka yi.

Ƙofar fita

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Shiga kowa na maraba da kai, kowane shafi ya iya karɓar kuɗi cikin daƙiƙa. Fita ce ke nuna halin aiki.

Wani jinkirin na halal ne, kuma gwaji ne zai sanar da kai shi tun kafin ya tayar maka da hankali. Sarƙoƙi irin su Base da Arbitrum da Optimism suna zaune ne a kan Ethereum, ana shiga da fita ta gada. Shigar da kuɗi ta gadarsu ta asali mintoci ne, amma fitarwa zuwa Ethereum na ɗaukar kimanin kwana bakwai, domin an bar wannan tazarar ce don duk wanda ya ga maguɗi a lissafi ya ƙalubalanta. An rubuta wannan a bayanansu, an faɗi dalili, kuma kana iya bin sawun kuɗinka a madubi har su iso. Wanda bai sani ba ya sa kuɗin da zai biya wa yaro makaranta jibi, shi zai sha wahala, amma ba cutarsa aka yi ba.

Wani kuwa tarko ne. A ƙarshen Oktoban 2021 aka fito da tokin mai suna SQUID, wanda ya ari sunan wani fim na Koriya ta Kudu ba tare da wata alaƙa da masu fim ɗin ba. Farashinsa ya tashi daga 'yan santi har ya haura dala 2,800. Dalilin tashin shi ne an tsara shi yadda masu saye ba sa iya sayarwa. Ranar 1 ga Nuwamba masu shi suka kwashe sama da dala miliyan uku suka ɓace, farashin ya koma kusan sifili cikin mintoci. Mutane sun yi kwanaki suna kallon dukiya a fuskar waya wadda ba a taɓa iya fitar da ita ba. A gida Nijeriya ma, da dandalin zuba kuɗi na CBEX ya rufe a watan Afrilun 2025, an ce wa mutane su ƙara zuba wasu daloli wai don a tantance asusunsu kafin su cire kuɗinsu. Duk inda aka ce sai ka biya sabon kuɗi kafin a sakar maka naka, gwajin ya ƙare, ka sami amsarka.

Filin gwaji ba zai nuna maka irin wannan tarkon ba, domin kwantiragin da ke can ba lallai ya zama shi ne wanda aka ɗora a babbar sarƙa ba. Saboda haka in aikin ya fito fili kuma har yanzu yana burge ka, sai a yi gwaji na biyu da kuɗin gaske, amma kuɗin da bai wuce na shayi da burodi ba. Saya, sannan nan take ka sayar da rabi, ka ga nawa ya dawo. In ka sa na dala biyar, rabin ya dawo maka da dala ɗaya, to akwai harajin da aka ɓoye a cikin kwantiragin, ko kuma kuɗin da ke rumbun musanyar ba su da yawa. Bi da abin da ya dawo har ƙarshe, ka mayar da shi USDT, tokin da ke bin farashin dala, ka kai shi inda za ka iya mayar da shi naira ko sefa. Buɗe DEX Screener ka ga ko wasu adireshi na talakawa irinka suna sayarwa. Jerin da ya cika da saye babu sayarwa ba alamar farin jini ba ce.

Makullin yana hannun wa

Tokin ɗin da ya bar ka ka sayar yau zai iya hana ka gobe, in mai shi ya riƙe ikon canza doka. Liƙa adireshin kwantiragin a madubi ka shiga sashen da aka rubuta wa Contract. In akwai koriyar alama, ma'anarta an wallafa rubutun kuma ya yi daidai da abin da ke aiki. Ba ta nufin an bincika an ga babu sharri. In babu alamar sam, kana mu'amala da abin da ba wanda zai iya karantawa. Ko ba ka san yaren manhaja ba, nemi wasu sunaye a ciki: owner na nuna mai iko, mint na ba da damar buga sababbin tokin, pause na tsayar da ciniki, blacklist na hana wani adireshi motsi. Samun su ba hujjar cuta ba ne, USDT da USDC ma masu su na iya daskarar da adireshi, kuma sun faɗa. Tambayar ita ce wa ke riƙe da ikon, mutum ɗaya ne ko sai mutane da yawa sun sa hannu, kuma ko akwai wa'adin jira kafin canji ya fara aiki. In madubin ya nuna kwantiragin na wakili ne, wanda ake iya sauya cikinsa adireshin bai canza ba, to duk abin da ka karanta yau zai iya zama wani abu gobe.

Yawan masu makulli ba ƙaramar magana ba ce. Gadar Ronin, ta wasan Axie Infinity, masu tabbatarwa tara gare ta, kuma sa hannun biyar ya isa a fitar da kuɗi. A watan Maris na 2022 ɓarayi suka mallaki makullai biyar suka kwashe sama da dala miliyan 600, aka yi kwana shida ba a lura ba.

Sai sashen Holders, inda aka jera masu riƙe da tokin daga babba zuwa ƙarami. Wasu manyan adireshin na kasuwannin musanya ne ko na rumbu ko na kulle, madubi yakan sa musu suna. Waɗanda ba su da suna su ne abin dubawa. In adireshi biyar marasa suna na riƙe da rabin dukiyar, farashin na hannun mutum biyar, wataƙila ma mutum ɗaya. Haɗa wannan da jadawalin sakin tokin. A ce an ƙayyade guda biliyan ɗaya, amma miliyan 100 kaɗai ke yawo, kowanne a kan santi 10. Za a ce maka darajar kasuwarsa dala miliyan 10 ce, ƙarami ne, yana da sauran tashi. Amma in an lissafa duka dala miliyan 100 ne, kuma ragowar miliyan 900 ɗin suna hannun masu aikin da masu jarin farko waɗanda suka saya da arha, suna jiran ranar da za a buɗe musu. Rubuta waɗannan ranakun.

Rahoton masu binciken kwantiragi, irin su OpenZeppelin ko Trail of Bits ko CertiK, ka nemo shi a shafin masu binciken, kada ka tsaya ga tambarin da aka manna a shafin aikin. Duba wane kwantiragi aka bincika, yaushe, da ko an gyara abin da aka gano.

In kuma aikin na alƙawarin riba, tambayi daga aljihun wa take fitowa. Anchor, a sarƙar Terra, ta yi ta biyan kusan kashi 20 cikin 100 a shekara a kan tokin UST, kuma manhajar na aiki lafiya lau, duk wanda ya gwada ya ga ribarsa. Amma abin da masu aro ke biya bai kai abin da ake raba wa masu ajiya ba, cike giɓin ake yi daga wani asusu. A watan Mayun 2022 komai ya rushe, dukiya ta kusan dala biliyan 40 ta narke cikin kwanaki. Gwajin hannu na nuna maka ko inji na tafiya, lissafin ribar kuwa sai ka zauna da biro. Wannan binciken ne kuma zai amfane ka in za ka je wurin malami neman fatawa, tunda malamai sun saɓa a kan kirifto, kuma wanda ya je da bayanin yadda ribar ke samuwa ya fi wanda ya je da suna kawai samun amsa mai ma'ana.

Maganar rabon kyauta

Na san da yawa ba don ilimi suke shiga filin gwaji ba, don rabo ne. Ba laifi, kuma yakan faru. A watan Satumban 2020 Uniswap ta ba duk adireshin da ya taɓa amfani da ita UNI 400, Aptos ma ta saka wa wasu masu gwajinta a 2022, Arbitrum ta yi nata rabon a Maris na 2023. Amma waɗanda ba su ba da komai ba sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma masu rabon yanzu suna tace walat ɗin da suka ga alamar mutum ɗaya ne ya buɗe su da yawa. Ka lissafa data da caji da lokacinka a matsayin kuɗin da ka kashe. In an nemi lambar NIN ɗinka da hoton fuskarka tun ana matakin kuɗin wasa, ka tambayi kanka wa zai riƙe su kuma a wace ƙasa yake. Kamfanin da ke karɓar kuɗin 'yan Nijeriya da sunan zuba jari kuwa, tun da aka sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari a watan Maris na 2025 kadarorin dijital sun shiga ƙarƙashin hukumar SEC, sai ka duba ko sunansa na cikin waɗanda ta yi wa rajista.

Ranar rabo ita ce ranar da shafukan jabu ke fitowa kamar fari, don haka adireshin karɓa daga shafin aikin na asali kaɗai za ka ɗauke shi. Tokin ɗin da ka wayi gari ka gani a walat ba ka san daga ina ya zo ba, musamman mai ɗauke da adireshin wani shafi a sunansa, kada ka taɓa shi. Haka nan kada ka riƙa kwafar adireshi daga tarihin cinikinka, domin akwai masu turo ɗan abin da bai kai komai ba daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da naka, suna jiran ranar da za ka kwafi nasu cikin sauri.

Idan ka gama da aiki, ko ka yarda da shi ko ka watsar, shiga Revoke.cash da walat ɗin gwajin ka ga jerin izinin da ka bayar a kowace sarƙa, ka soke waɗanda ba ka bukata. Cire haɗin walat da shafi ba ya soke izini, yana nan a rubuce a sarƙa har sai ka soke shi da kanka. Kowace sokewa ciniki ce mai cin gas, don haka ka bar ɗan canji a walat ɗin saboda ita.